GUDUN ZANGO-ZANGO DA AGOGON ZAMANI: JAGORA GA MASU MOTSA JIKI

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta bayyana cewa kowane baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, ko kuwa motsa jiki mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150. Gudu yana daga cikin hanyoyi mafiya sauƙi na cika wannan ƙa'ida, domin ba ya bukatar kome sai takalmi da fili da niyya. Amma fa gudun da ba a auna shi ba, mai yinsa ba zai san ko gaba yake yi ko baya ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a sha'anin gudu ƙima kaɗai ba ta wadatarwa, sai an haɗa da mudun.

A yanzu agogon hannu mai aiki da manhaja ya shiga kasuwannin ƙasar nan, kuma matasa da yawa sun ɗaura shi ba tare da sanin abin da lambobinsa ke nufi ba. An shirya wannan ɗan littafi domin ya bayyana wa jama'a yadda ake ƙirga zagaye da auna sauri da irin wannan agogo, inda za a amince da shi, da inda ya kamata a yi masa taka-tsantsan. An ɗauki unguwar Mafoni ta birnin Maiduguri a matsayin misali. Mafoni tana daga cikin tsofaffin unguwannin birnin, a nan ne Turawan mulkin mallaka suka kafa sansaninsu a farkon ƙarni na 20, kafin Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907. An zaɓe ta ne saboda yanayinta na zafi da rairayi da ƙura, wanda yake daidai da na garuruwa da yawa na Arewa. Abin da ya yi wa mai gudu amfani a Mafoni zai yi wa na Sakkwato ko Nguru ko Katsina.

Mene Ne Gudun Zango-Zango?

Fataken da, sa'ad da suke ratsa ƙasa daga Kano zuwa Barno, ba su yin tafiyar a numfashi ɗaya. Madugu yakan raba hanya zango-zango, a yi tafiya, a sauke kaya a huta, sa'an nan a sake ɗauka. Haka wannan irin gudu yake. Mai gudu yakan yi ɗan gajeren nisa da sauri, misali mita 400, sa'an nan ya yi tattaki ko sassarfa na ɗan lokaci ƙayyadadde, kana ya sake maimaitawa har sau shida ko takwas ko goma.

Hikimar abin ita ce, mutumin da ba zai iya riƙe wani sauri har tsawon kilomita uku a jere ba, zai iya cika kilomita ukun da wannan saurin idan an yanka masa su gunduwa-gunduwa da hutu a tsakani. Da haka zuciya da huhu da tsokoki suke sabawa da aiki mai nauyi ba tare da jiki ya galabaita ba. Abubuwa huɗu ne ginshiƙan wannan horo, watau tsawon kowane zango, saurin da za a yi shi, tsawon hutu, da yawan maimaitawa. Duk wanda ya sake ɗaya daga cikin huɗun nan ya sake horon gaba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa auna lokaci ya zama tilas.

Ba masu tseren nesa kaɗai ke amfana da shi ba. Ɗan ƙwallon ƙafa, aikinsa a fili duka zango-zango ne, ya ruga, ya tsaya, ya sake rugawa. Saboda haka yaron da ke burin sa rigar El-Kanemi Warriors, ƙungiyar Maiduguri wadda ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992 da kuma 2024, yana bukatar wannan horo kamar yadda mai neman shiga tseren Okpekpe na Jihar Edo yake bukatarsa. Haka nan mai shirin gwajin shiga aikin soja ko na 'yan sanda.

Asalin Wannan Horo

A shekarun 1930 ne wani mai horar da 'yan wasa a ƙasar Jamus, Woldemar Gerschler, ya tsara wannan hanya bisa ƙa'ida, daga baya kuma ya yi aiki tare da wani likitan zuciya mai suna Herbert Reindell a birnin Freiburg. Ƙa'idarsu ita ce a yi gudu har bugun zuciya ya kai wajen 180 a minti, sa'an nan a huta har ya sauko zuwa wajen 120 kafin a sake tashi. Idan minti ɗaya da rabi ya wuce bugun bai sauko ba, to, aikin ya yi yawa, sai a dakata. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 46.6 a 1939, bajintar da aka yi shekara 16 ba a karya ta ba.

Bayansa sai Emil Zatopek na ƙasar Cekoslobakiya, wanda yakan maimaita mita 400 sau da yawa ƙwarai a rana guda. A wasannin Olamfik na Helsinki a 1952 ya ci tseren mita 5,000 da na mita 10,000 da kuma gudun famfalaƙi, su uku duka. A Ingila kuma, Roger Bannister, yana ɗalibin likita ba shi da lokaci mai yawa, ya riƙa maimaita rubu'in mil sau goma a lokacin hutunsa na rana. Ranar 6 ga Mayu, 1954, a Oxford, ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan mutane da agogon tsayarwa na hannu da fensir da takarda suka yi aikinsu. Na'urar auna bugun zuciya marar waya ba ta fito ba sai a 1982, daga kamfanin Polar na ƙasar Finlan. Kamfanin Garmin ya fitar da agogon masu gudu mai aiki da tauraron ɗan'adam a 2003, manhajar Strava ta fito a 2009, agogon Apple Watch kuwa a 2015. Watau ilmin ya girmi na'urar. Na'ura sauƙi kawai ta kawo.

Yadda Agogon Yake Aunawa

Abubuwa uku agogon ke aunawa, kuma amincinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne lokaci. A nan babu shakka, ko agogo mafi araha yana ƙirga sakan daidai.

Na biyu shi ne nisa. Agogo mai tsarin GPS yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,200 daga ƙasa. Yana bukatar saƙon taurari huɗu aƙalla kafin ya gane inda yake. Kusan kowane sakan yakan ɗiga alama a inda ya zaci mai gudu yake, sa'an nan ya haɗa ɗigogin ya fitar da nisa. Tsarin GPS na Amurka ne, amma agoguna da yawa suna karɓar saƙon taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin. Karɓar wannan saƙo kyauta ne, ba ya cin kuɗin waya, kuma ba ya bukatar intanet. Sai an zo aika sakamako zuwa manhajar waya ne ake bukatar intanet ɗin.

Akwai agoguna masu araha waɗanda ba su da GPS a cikinsu. Irin waɗannan ko dai su dogara ga wayar da ke aljihun mai gudu, ko kuwa su ƙirga taku su yi kirdadon nisa daga nan. Kirdadon taku ba ya isa ga gudun zango-zango, domin tsawon takun mutum yana sakewa ƙwarai tsakanin gudu da tattaki. Wajibi ne mai saye ya tambaya kafin ya ba da kuɗinsa.

Na uku shi ne bugun zuciya. A bayan agogon akwai wata 'yar fitila mai koren haske wadda ke haska fata, na'ura kuma ta lura da yadda jini ke kai da komo. Za a yi bayaninta nan gaba.

Lissafin Sauri

Direba yakan auna saurinsa da kilomita nawa a awa. Mai gudu kuwa akasin haka yake yi, yana duba minti nawa ya ci a kilomita ɗaya. Saboda haka idan lambar ta yi ƙasa, saurin ne ya ƙaru. Wanda agogonsa ya nuna 5:00 ya fi mai 6:00 sauri. Sababbin masu gudu sukan rikice a nan.

Cikakken filin tsere zagayensa mita 400 ne. Zagaye biyu da rabi shi ne kilomita ɗaya, zagaye 12 da rabi kilomita 5, zagaye 25 kuma kilomita 10. Ga yadda lissafin yake:

Minti 4:00 a kilomita, zagaye ɗaya cikin minti 1:36.
Minti 4:30 a kilomita, zagaye ɗaya cikin minti 1:48.
Minti 5:00 a kilomita, zagaye ɗaya cikin minti 2:00.
Minti 5:30 a kilomita, zagaye ɗaya cikin minti 2:12.
Minti 6:00 a kilomita, zagaye ɗaya cikin minti 2:24.

Wanda ya san lokacin zagayensa, ya riɓanya shi sau biyu da rabi, zai sami saurinsa na kilomita. Domin a gane girman abin da gwanaye ke yi, a watan Oktoba na 2019 a birnin Biyana, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaƙi, kilomita 42 da mita 195, cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. Wannan daidai yake da zagaya fili cikin wajen sakan 68, har sau 105 ba hutawa.

Mai koyo ya fara da sanin matsayinsa. Idan yana iya yin kilomita 5 cikin minti 30, to, saurinsa 6:00 ne, zagayensa kuma 2:24. Zangonsa na horo sai ya ɗan ɗara wannan sauri kaɗan, watau tsakanin 2:15 da 2:20, da hutun tattaki na minti ɗaya da rabi ko biyu. Ya fara da maimaitawa huɗu, ya riƙa ƙara ɗaya bayan mako ɗaya ko biyu. Sau ɗaya a mako ya ishi mai koyo, gwani ma ba safai yake wuce sau biyu ba. Sauran ranakun na sassarfa ne da hutu.

Inda Agogo Yake Kuskure

Ɗigon da agogo ke yi ba ya faɗawa daidai inda ƙafa ta taka, yakan kauce da 'yan mitoci. A doguwar hanya miƙaƙƙiya wannan kaucewa ba ta da wani tasiri. Amma a gajeren zango, musamman mai lanƙwasa, kuskuren yakan fito fili. Misali, mutum ya yi mita 400 cikin minti 2 daidai, saurinsa na gaskiya 5:00 ke nan. Idan agogo ya lissafa masa mita 410, zai nuna masa 4:53, watau ya yi masa kyautar sakan bakwai da bai yi wahalarsu ba. Idan zangon na mita 200 ne aka sami wannan kuskure na mita 10, bambancin zai kai sakan 14. Dogayen gine-gine da rumfunan kwano da inuwar itatuwa masu duhu, irin darbejiyar da ta yi wa titunan Maiduguri layi, duka suna iya raunana saƙon.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: a filin da aka san tsawonsa, a amince da fili da lokaci, a bar nisan da agogo ya faɗa. A hanyar da ba a san tsawonta ba kuwa, gara a tsara zangon da lokaci, misali gudun minti biyu, hutun minti biyu, tun da lokaci ba ya ƙarya.

Wani kuskuren ba na agogo ba ne, na mai gudu ne. Mita 400 ɗin nan a layi na farko kaɗai take, watau na can ciki. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma kowane layi ya fi na cikinsa tsawo da wajen mita bakwai zuwa takwas. Wanda ya zagaya a layi na takwas ya yi wajen mita 453. Haka kuma, zagaya filin ƙwallo ta kan farin layinsa ba mita 400 ba ce. Babban fili mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, kewayensa mita 346 ne, filayen makarantu da na unguwa kuwa galibi ba su kai haka ba. Matasan Mafoni da ke motsa jiki a filin makaranta ko wani fegi, ya kyautu su ari tef ɗin awo wurin magini, su auna mita 200 ko 400 sau ɗaya, su kafa alama da dutse ko turke. Aikin rabin awa ne, amfaninsa kuwa na shekaru.

Rairayi ma yana da nasa hukunci. Gudu a kan yashi ya fi na kan ƙasa mai tauri cin ƙarfi, don haka kada a gwada lokacin da aka yi a rairayi da wanda aka yi a kan kwalta.

Yadda Za A Shirya Agogo

Sunayen abubuwa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma tsarin kusan ɗaya ne.

1. A tsaya a sarari, nesa da bango da itace, har agogo ya nuna ya kama taurari sosai kafin a danna farawa. Gaggawa a nan takan ɓata lissafin zangon farko.

2. A kashe yankan zagaye na kai-tsaye. Yawancin agoguna sukan yanke zagaye da kansu a kowace kilomita, wannan kuwa yakan raba zango biyu, ya cakuɗa gudu da hutu.

3. A kashe tsayawa ta kai-tsaye, wadda ke dakatar da ƙirga idan mutum ya tsaya. Tsawon hutu yana cikin abin da ake son a sani.

4. A yi amfani da maɓallin zagaye, wanda galibi akan rubuta masa Lap da Turanci. A danna shi a farkon kowane zango, a sake dannawa a ƙarshensa. Ta haka gudu zai fito a layinsa, hutu a nasa. Agogo mai maɓalli na gaske ya fi na shafawa daɗin aiki, domin yatsa mai gumi ba ya kama gilashi.

5. A zaɓi abin da fuskar agogo za ta nuna. Sauri iri uku ne: na wannan sakan, na wannan zagaye, da na gudun gaba ɗaya. Na farkon yana tsalle-tsalle, ba abin dogaro ba ne. Na ukun ya haɗa da hutu, ba shi da amfani a nan. Na tsakiyan shi ne abin nema, tare da lokacin zagaye.

6. Idan manhajar tana da wurin tsara horo, a shigar da shi tun daga gida: ɗumama jiki minti 10 zuwa 15, zango, hutu, yawan maimaitawa, da sassarfar hucewa minti 10. Agogo zai riƙa yin ƙara ko girgiza a kowace gaɓa, ya ɗauke wa mai gudu nauyin ƙirga, abin da ke saurin kuɓuce wa mutum idan ya gaji.

7. A cika batir tun da dare, domin aikin GPS yana shan wuta fiye da kome a agogon.

Karanta Sakamako

Bayan an gama, manhaja za ta jera lokacin kowane zagaye. A ɗauki misalin samari biyu da suka yi mita 400 sau shida. Na farko ya sami 1:45, 1:52, 2:00, 2:08, 2:15, 2:20. Na biyu ya sami 2:02, 2:01, 2:01, 2:00, 2:00, 1:58. Na farkon zai yi alfahari da zagayensa na 1:45, alhali kuwa idan aka tara, ya ci sakan 740, abokinsa kuwa 722. Wanda ya fara a hankali ya riga shi da sakan 18, kuma ya tashi da sauran ƙarfi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Alamar horo mai kyau ita ce zagayen su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce sakan uku ko huɗu, na ƙarshe kuma ya yi daidai da na farko ko ya ɗan fi shi. Ya kamata mai gudu ya tashi yana jin zai iya ƙara ɗaya. Ci-gaba kuma ba a ganinsa a rana guda. Sai a maimaita horo iri ɗaya, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan mako huɗu ko shida, a gwada. Ko dai lokacin ya ragu, ko hutun ya gajarta, ko kuwa a yi aikin da bugun zuciya ƙasa da na da. Kowanne daga cikin ukun nan riba ce.

Bugun Zuciya

Fitilar bayan agogo tana aiki sosai idan mutum yana zaune ko yana sassarfa. A gudun zango-zango kuwa takan makara, domin bugun yana hawa da sauka da sauri, hannu yana kaɗawa, gumi yana shiga tsakani. A ɗaura agogon ya kama hannu, sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Mai son ya jarraba gaskiyar agogonsa, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ya ƙirga bugu na sakan 15, ya riɓanya sau huɗu, ya gwada da abin da agogo ya nuna. Ɗamarar ƙirji mai auna bugu ta fi fitila daidaito ga wanda yake da hali.

Manhajoji da yawa sukan ƙiyasta iyakar bugun mutum ta hanyar ɗebe shekarunsa daga 220. Wannan kirdado ne kawai, mutane masu shekaru ɗaya sukan bambanta ƙwarai. Bugu da ƙari, agogo ba likita ba ne. Duk wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai amosanin jini, da mai asma, da mace mai juna biyu, lalle ne su ga ma'aikacin lafiya kafin su fara. Hawan jini yakan zauna a jiki shekaru ba tare da wata alama ba, auna shi kuwa ba ya cin minti biyar a asibitin unguwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa ya sarƙe fiye da ƙima, ya tsaya nan take ya nemi asibiti, ko me agogo ya nuna.

Zafi, Hunturu Da Azumi

A Maiduguri, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. A cikin zafi jiki yakan tura jini mai yawa zuwa fata domin ya huce, sai zuciya ta ƙara bugu a kan aikin da ta saba yi cikin sauƙi. Saboda haka zagayen da aka yi cikin 2:00 a watan Janairu yana iya komawa 2:10 a watan Afrilu, kuma wannan ba koma-baya ba ne. Babban haɗarin agogo yana nan: mutum ya ƙwallafa rai ga lamba, ya ƙi jin gargaɗin jikinsa. Da bazara a yi horo bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, a rage yawan zango, a tsawaita hutu, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo, a sa tufafi marasa nauyi masu haske. Mata masu gudu da hijabi su zaɓi yadi marar kauri.

Idan aka ga mai gudu ya rikice, yana tangaɗi ko sambatu, jikinsa ya yi zafi jau, ko ya faɗi, to, bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Da hunturu sanyin safiya yana taimakon gudu, amma ranar da hazo ya yi kauri gara a ɗage horo mai tsanani, musamman ga mai asma. A watan azumi kuma, a mai da shi bayan buɗa-baki da awa biyu ko uku, ko a wadatu da sassarfa har bayan Salla. Hutun wata guda ba ya rushe aikin shekara.

Sirri Da Tsaro

Manhajar gudu tana zana taswirar duk inda mutum ya bi, da ranar, da lokacin. Wanda kullum yake danna farawa a ƙofar gidansa, ya kuma bar shafinsa a buɗe, ya sanar da duniya inda yake kwana da sa'ar da yake fita. A watan Janairu na 2018 an gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe dabam-dabam, saboda sojojin da ke gudu da agogunansu. Wannan darasi ne ga kowa, balle ga mazauna jihar da ta sha fama da matsalar tsaro, da ma'aikatan tsaro, da mata. A rufe shafi sai ga waɗanda aka sani, a ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, a fara ƙirga sai an isa fili. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon sanin abin da ake yi da bayanansa, amma rigakafi ya fi magani.

Haka nan a kiyaye dokokin hukuma game da lokutan fita, a guji gudu kusa da shingen jami'an tsaro cikin duhu, a riƙe katin shaida. Mai gudu a gefen titi ya fuskanci ababan hawa masu tahowa, kada ya toshe kunnuwansa, kada kuma duban agogo ya ɗauke masa hankali daga mota da Keke Napep.

Wanda Ba Shi Da Agogon

Rashin kuɗin agogo ba hujjar zama ba ce. Ƙaramar wayar hannu ma tana da agogon tsayarwa mai yanke zagaye. Fili aunanne, da aboki mai riƙe waya yana kiran lokaci, da littafin rubutu na makaranta, sun isa a yi duk abin da aka bayyana a sama. Mai tsoron ɓatan ƙirga ya zuba tsakuwa shida a aljihu, ya riƙa ajiye ɗaya a kowane zagaye. Malaman wasanni na makarantu da shugabannin ƙungiyoyin matasa suna iya auna fili guda domin amfanin unguwa duka, agogo ɗaya kuma ya yi wa mutum goma aiki.

Kammalawa

Nijeriya ta yi suna a gajeren tsere da tsalle, tun daga zinariyar Chioma Ajunwa a Atlanta a 1996 har zuwa bajintar Tobi Amusan a 2022. A dogon tsere kuwa da sauran aiki, domin tun da aka fara gudun famfalaƙi na birnin Legas a 2016, baƙi daga Gabashin Afirka ne suka fi kwashe manyan kyaututtukansa. Cike wannan giɓi zai fara ne daga filayen makarantu da na unguwanni irin Mafoni, inda yaro zai koyi auna zagayensa da riƙe saurinsa. Wanda ba shi da burin tsere kuma, ya sami lafiyar zuciya da ƙarfin jiki, waɗanda su ne jarin kowane magidanci da kowace uwa.

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ya kuma miƙa shi ga malamin wasanni ko shugaban matasan unguwarsu. A auna fili, a fara da kaɗan, a rubuta sakamako, a ga ma'aikacin lafiya kafin a tsananta. Lafiya uwar jiki.